Masu Farautar Ɓoyayyen Akwati A Dazuzzukan Ostareliya

A ƙasar Ostareliya, inda tun 1879 aka keɓe gandun dajin Royal kusa da birnin Sidni, yawon ƙafa cikin daji tsohuwar al'ada ce. Amma yau wasu mayawata ba tsuntsaye suke kallo ba. Idonsu na kan wayar hannu, suna farautar akwatin da wani ya ɓoye.

Wasan nan, watau jiyokashin, daga Amurka ya taso. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin ƙasar ta daina dagula wa farar hula siginar taurarinta na GPS, kuskuren da kan kai mita 100 ya ragu ƙwarai. Ran 3 ga watan sai Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a dajin Jihar Oregon, har da gwangwanin wake ciki, ya baza lambobin wurin. Sharaɗinsa shi ne wanda ya gano ya sa hannu a littafi, in ya ɗauki abu ya ajiye wani. Yanzu irin akwatunan sun haura miliyan 3 a duniya.

To, amma duhuwar itatuwa kan raunana sigina. Nan ne mai nema ke barin turba, yana tattake tsiro, yana cusa hannu cikin kogon itace, a ƙasar da macizanta suka yi suna wajen dafi. In batir ya mutu kuwa, marar taswira ya shiga uku. Dokar wasan ta yanzu ta hana tona rami, ko da yake shi Ulmer kansa sai da ya binne gindin bokitinsa.