Hoosen Coovadia da Mas'alar Nonon Uwa

Daga cikin mas'alolin da suka ɗaure wa likitocin yara kai a ƙarshen ƙarnin da ya shige, da wuya a sami wadda ta kai ta shayarwa tsanani, domin an tabbatar ƙwayar cutar ƙanjamau tana bin nono ta shiga jikin jariri, alhali kuwa shi wannan nonon shi ne ke tsare jaririn talaka daga gudawa da ciwon huhu da tamowa. A Turai da Amurka hukunci bai yi wuya ba: aka ce uwa mai ɗauke da ƙwayar ta koma ga madarar gwangwani. Amma matar da ba ta da ruwa mai tsabta, ba ta da makamashin tafasa bulumboti, gwangwani guda kuma ya fi ƙarfin aljihunta, wannan fatawa tana iya zame mata gudun gara a faɗa gidan zago.

Cikin malaman da suka duƙufa a kan wannan mas'ala akwai Farfesa Hoosen Coovadia, wanda abokai ke kira Jerry. An haife shi a Durban ta Afirka ta Kudu a 1940, ya karanci likitanci a Bombay, ya ƙaro ilmin garkuwar jiki a Birmingham ta Ingila, sa'an nan ya koma gida ya yi aiki a asibitin King Edward VIII, inda ake kwantar da baƙar fata a zamanin mulkin wariya. Farkon bincikensa a kan ƙyanda da tamowa da ciwon ƙoda ya yi shi, watau cututtukan 'ya'yan matalauta. Saboda haka lokacin da ƙanjamau ta fara cika gadajen yara, ya riga ya san abin da ke kashe jariri idan an raba shi da mama.

A 1999 shi da abokiyar aikinsa Anna Coutsoudis suka buga wani bincike a mujallar Lancet wanda ya nuna cewa ba duk shayarwa ce ɗaya ba: jaririn da aka ba nono zalla ya fi tsira daga ƙwayar bisa wanda ake haɗa masa da wani abu. Masana da dama ba su gamsu ba, kuma suna da uzuri, gama hujja ɗaya ba ta isa a rushe abin da aka yi ittifaƙi a kansa. Sai a 2007 ya zo da dalili mafi ƙarfi daga lardin KwaZulu-Natal, inda aka ga jariran da ake ba abinci mai kauri tare da nono haɗarin kamuwarsu ya kusa ninki 11 na masu shan nono zalla, mace-macen waɗanda aka ɗora a kan madara kuwa, cikin wata uku na farko, ya zarce ninki biyu. Abin da masana suke zato shi ne, baƙon abinci yana raunana bangon hanjin jariri, ƙwayar ta sami kafar shiga. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, mu da kaka ba ta yarda a hana jinjiri ruwa da zafin bazara, kunu kuma ana fara ɗura shi tun wuya bai tsaya ba.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta: uwa ta shayar da nono zalla wata shida, tare da shan maganin da ke danne ƙwayar. A ganina nan ne tasirin malamin ya fi bayyana, fiye da lambobin yabon da ya karɓa, tun da kalmar da ma'aikaciyar jinya ke faɗa wa mai jego a ɗakin awo tana da isnadi da ke komawa ga binciken Durban.

Bai kuma ji tsoron masu mulki ba. Ya yi gwagwarmaya da wariyar launin fata, kuma shi ya shugabanci babban taron duniya kan ƙanjamau a Durban a 2000, a daidai lokacin da Shugaba Thabo Mbeki ke shakkar cewa ƙwayar HIV ce sanadin cutar, ya tsaya a kan abin da tahƙiƙi ya tabbatar. Cikin waɗanda suka taso a hannunsa akwai Salim Abdool Karim, wanda ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta CAPRISA a 2002. Coovadia ya rasu a watan Oktoba na 2023 yana da shekara 83, littafinsa na ilmin lafiyar yara kuwa har yau ɗaliban likitanci na Afirka ta Kudu suna karatu da shi.