Daga lungunan Soron Ɗinki zuwa ajin digiri na biyu: Me ya sa Kano ke buƙatar masana lafiyar al'umma?

A watan Disambar 2022 ne asibitocin Kano suka fara karɓar yara masu zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya. Kafin shekara ta zagayo, cutar mashaƙo ta bazu zuwa jihohi da dama, kuma Kano ce ta ɗauki kaso mafi tsoka na waɗanda suka kamu.

Likitoci da ma'aikatan jinya a Asibitin Murtala da Asibitin Zana sun yi ta fama da waɗanda aka kwantar. To amma akwai tambayoyin da ba a bakin gadon majinyaci ake samun amsarsu ba. Daga wace unguwa yaran suke fitowa? Makarantarsu ɗaya? Da wa suka kwana ɗaki guda? Nawa ne a cikinsu aka yi wa allurar rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa?

Alƙaluman hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa sun nuna cewa akasarin waɗanda suka kamu yara ne, kuma mafi yawansu ba su kammala rigakafi ba. Masu tattara irin waɗannan alƙaluma, su fassara su, su faɗa wa gwamnati inda za ta tura allura da ma'aikata, su ne masana lafiyar al'umma. Da yawansu sun koyi aikin ne a karatun digiri na biyu.

Unguwa ita ce majinyaci

Soron Ɗinki tsohuwar unguwa ce a cikin ganuwar Kano. Kamar sauran unguwannin cikin birni, gidajenta a manne suke da juna, wasu lungunan mota ba ta shiga, kuma gida ɗaya kan ɗauki kaka da 'ya'ya da jikoki. Idan famfo ya ɗauke, sai a koma ga rijiya ko 'yan ga-ruwa. Da damina kuwa kwata kan cika ta tumbatsa.

Wannan kusanci shi ne ƙarfin cikin birni, domin ba a rasa mai kai ɗauki idan ciwo ya tashi da dare. Shi ne kuma hanyar da mashaƙo da ƙyanda da kwalara ke bi daga ɗaki zuwa ɗaki.

Likita yana duba mutum ɗaya ne a lokaci guda. Masanin lafiyar al'umma kuwa unguwar gaba ɗaya yake dubawa: tazarar da ke tsakanin masai da rijiya, yawan matan da ke haihuwa a gida, yaran da ba a taɓa kai su rigakafi ba, da dalilin da ya hana a kai su.

Aikin ba baƙo ba ne a Kano. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ake shiga gida a leƙa randa da makewayi, a ci tarar mai ƙazanta. Makarantar koyon aikin tsafta ta Kano, wadda ta horar da su, tana nan tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Abin da ya ƙaru a yau shi ne lissafi da bincike da tsara manufofi.

Me ake koyarwa?

Ginshiƙin karatun shi ne ilimin yaɗuwar cututtuka, wato sanin wa cuta ta kama, a ina, yaushe, kuma ta wace hanya. Kusan kowane ɗalibi da labarin likita John Snow yake farawa. A 1854, lokacin da kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya gano cewa yawancinsu daga famfo ɗaya suke shan ruwa. Hukuma ta cire hannun famfon.

Sai ilimin ƙididdiga, wanda ɗalibai da dama suka fi jin tsoro. A nan ake koyon yawan gidajen da ya kamata a tambaya kafin a ce sakamako ya wakilci unguwa, da yadda ake sarrafa bayanai da manhajoji irin su Epi Info da SPSS da Stata. Akwai kuma darussan tsaftar muhalli, lafiyar mata da yara, abinci mai gina jiki, lafiyar ma'aikata a wurin sana'a, wayar da kai, da tafiyar da asibitoci da kasafin kuɗinsu.

A ƙarshe ɗalibi zai gudanar da bincike na kansa, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai. Ba zai tambayi kowa komai ba sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da tsarinsa, kuma sai kowane mai amsawa ya yarda da bakinsa.

Inda ake karatun

A Jami'ar Bayero, sashen koyar da lafiyar al'umma da ke aiki tare da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana ba da digiri na biyu a wannan fanni. A 2019 kuma jami'ar ta samu cibiyar ACEPHAP da tallafin Bankin Duniya, wadda ke horar da ɗalibai daga Najeriya da wasu ƙasashen Afirka a fannonin lafiyar mata da yara, abinci mai gina jiki, aikin jinya na al'umma, lafiyar ƙwaƙwalwa da manufofin lafiya na duniya.

A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe a fagen. Marigayi Farfesa Umaru Shehu, wanda ya rasu a 2023, yana cikin waɗanda suka kafa harsashin wannan fanni a can. Tun 2008 jami'ar take cikin shirin NFELTP, horon shekara biyu da ake yi wa likitocin mutane da na dabbobi da masana ɗakin gwaji, inda ɗalibi ke shafe mafi yawan lokacinsa a fagen aiki yana bin sawun annoba.

An ga amfanin shirin a 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas. Ɗalibansa da waɗanda suka kammala suna cikin waɗanda suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar. Mutum 20 ne suka kamu, takwas suka rasu, kuma a ranar 20 ga Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar.

Masu neman fita waje kan nemi tallafin karatu na Chevening ko Commonwealth zuwa Ingila, malaman manyan makarantun gwamnati kuma sukan samu na asusun TETFund kafin ya dakatar da tallafin karatu a waje a 2025.

Wa zai iya shiga?

Mutane da yawa suna zaton sai likita. Likitoci suna da yawa a ajin, amma akwai ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna da masana ɗakin gwaji da likitocin dabbobi, kuma wasu jami'o'in suna karɓar waɗanda suka karanta fannonin da ke da alaƙa da lafiya. Sharuɗɗan sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka dole mai nema ya karanta sanarwar shekarar da kyau. Ana kuma neman takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen masu babbar difloma ta HND. Su ne da yawa daga cikin jami'an tsaftar muhalli da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwanni, waɗanda suka san kowane lungu da kowane mai unguwa. A mafi yawan jami'o'in Najeriya sai sun fara yin diflomar share fage ta PGD kafin a duba takardunsu na digiri na biyu. Ƙarin shekara ce da ƙarin kuɗi ga ma'aikacin da albashinsa da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata.

Ga kuma batun lokaci. Karatun da aka tsara a gama cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu yakan zarce haka. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, na 2020 kuma wata tara. Kuɗin bincike, daga buga takardun tambayoyi zuwa sallamar masu taya zagaye, galibi daga aljihun ɗalibi yake fitowa.

Abin da littafi ba ya koyarwa

Da Ingilishi ake karatun, amma da Hausa ake aikin. Tambayar da aka tsara a aji sai an juya ta yadda tsohuwa a tsakar gida za ta gane ta, kuma ba za ta ji an ci fuskarta ba.

Namiji ba zai wuce zaure ba, don haka binciken da ya shafi mata da jarirai sai da mata masu tambaya. Uwa kan ji nauyin ambaton ɗan fari, wata kuma ba ta son a tayar da zancen ɓari ko jaririn da ya koma. Mai binciken da bai san wannan ba zai koma da lissafin da bai cika ba, kuma a kan lissafin nan za a yi kasafi. Wanda ya shiga unguwa bai fara gaida mai unguwa da limami ba, zai iya yini a lungu ba a ba shi ko tabarma ba.

Kanawa suna da dalilin yin taka-tsantsan. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana, gwajin da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, kuma an shafe shekaru ana shari'a kan ko iyaye sun san gwaji ake yi, kafin a yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009.

Wannan tabo yana cikin abin da ya ƙarfafa shakku a 2003, lokacin da jihar ta dakatar da rigakafin shan inna har zuwa Yulin 2004. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni da matan da ke bin gida-gida suka sa hannu kafin a kai ga 25 ga Agustan 2020, ranar da aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Idan babu lissafi

A watan Afrilun 2020, masu haƙar kabari a Kano ne suka fara lura cewa gawarwakin da ake kawowa sun ƙaru. Yawancin mamatan a gida suka rasu, aka yi musu sutura a ranar, babu takardar asibiti da ta faɗi musabbabi.

Sai da aka tura tawaga tana bin iyalai tana tambayar alamomin da mamacin ya nuna kafin rasuwarsa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama suna da alaƙa da korona. Da akwai ingantaccen tsarin rubuta mace-mace a matakin unguwa, da an ga alamar tun a makon farko.

Akwai kuma misalin abin da bincike mai kyau ke haifarwa. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. An yi amfani da wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ta zubar, sannan a ba ta magungunan tsayar da jini a tare ba tare da jinkiri ba. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna raguwar kashi 60 cikin 100 na mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, take da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa wajen ciki da haihuwa a duniya.

Bayan an kammala fa?

Shekaru da dama, abin da ke jan matasa zuwa wannan digiri shi ne aikin ƙungiyoyin agaji, inda albashi ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba. Lamarin ya sauya a Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID. Ayyuka da dama sun tsaya, ma'aikata sun koma gida.

Buƙatar dai tana nan. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka da ke aika rahoto sama. Hukumar kula da lafiya a matakin farko da ma'aikatar lafiya da makarantun koyar da aikin lafiya duk suna buƙatar waɗanda za su iya karanta alƙaluma su yanke shawara a kansu. Ko za a samu irin waɗannan mutane a kujerun ya danganta ne da ko gwamnati za ta ba ma'aikatanta hutun ƙaro ilimi da albashi, ta kuma ajiye su a inda karatun zai yi amfani idan sun dawo.

Ga matashin Soron Ɗinki da ke tunanin shiga, zai fi masa sauƙi idan ya fara da shekara ɗaya ko biyu a fagen aiki, ko da na sa-kai ne a zagayen rigakafi, ya ƙarfafa lissafinsa da amfani da kwamfuta, ya tanadi kuɗin bincike tun kafin ya cike fom. Taken kundinsa kuma ba sai ya je nesa nema ba. Yawan yaran layinsu da suka kammala allura uku ta rigakafin mashaƙo, da dalilin da ya sa sauran suka tsaya a ta farko, tambaya ce da mai unguwa da jami'ar rigakafi da ma'aikatar lafiya duk suke son jin amsarta kafin annoba ta gaba.