Mayar da Babur Mai Ƙafa Uku: Biyu a Gaba, Ɗaya a Baya

Wanda ya saba da Keke Napep ya san shi da ƙafa ɗaya a gaba, biyu a baya. To, akwai wani samfuri da ya juya wannan tsari. Ba baƙon abu ba ne, domin tun 1909 H.F.S. Morgan ya ƙera irinsa a garin Malvern na Ingila da injin babur, kamfaninsa kuma ya yi ta yin sa har 1952.

Hikimar ita ce, da zarar an taka birki sai nauyi ya rinjaya gaba. In ƙafa biyu ne a can, da wuya abin ya kife a kwana.

Mai son haɗa nasa a gida ba ruwansa da bayan babur. Inji da giya da sarƙa duk suna nan yadda suke. Gaban ne mararrabar aiki. Zai kwance ƙafar gaba, ya yi waldar sabon firam, ya ɗaura masa ƙafafu biyu, kowace da birkinta. Wajibi ne kuma ƙafar da ke cikin kwana ta fi ta waje karkata, saboda da'irarta ta fi ƙanƙanta. In aka kuskure wannan lissafi, taya za ta riƙa gogar kwalta tana cinyewa.

Sai kuma mazauni. Babur kwantawa yake yi a kwana, wannan kuwa ba ya kwantawa. Saboda haka in mazaunin ya yi tsayi, ƙafar ciki na iya ɗagawa ta kā da mahayi. Waldar ganin-ido kuwa, a nan, wasa da rai ce.