Gajerun Labaran Bin Sawu: Daɗinsu da Iyakarsu

Daga cikin ƙagaggun labaran da Turawa suka rubuta akwai wani iri wanda ya daɗe a hannun 'yan makaranta da ma'aikatan ƙasar nan, amma masu nazarin adabi ba su cika kula shi ba. Shi ne labarin da ake aikata wani laifi a ɓoye, kisa ko sata ko zamba, sa'an nan wani mai kaifin hankali ya bi alamomin da mai laifin ya bari har ya tona shi. A wannan lacca za a kira shi labarin bin sawu, domin aikin tauraronsa ya yi kama da na makiyayin da aka kore wa shanu da dare, gari na wayewa ya duƙa yana karanta ƙasa. Za a taƙaita magana a kan gajerun labaran da aka tara cikin littafi guda, a duba abin da ke sa mai karatu ya kasa ajiye su, da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya. Daga bisani za a auna su da wani al'amari na gaske da ya auku tsakanin Yauri da Busa a 1806.

Asalinsu

Masana sun fi danganta farkon wannan fanni ga Edgar Allan Poe, mutumin Amurka, wanda a 1841 ya buga labarin wani Bafaranshe mai suna Dupin da ya warware kisan wasu mata biyu a cikin ɗakin da aka samu a kulle ta ciki. Labari 3 kawai Poe ya yi a kan Dupin. Wanda ya mai da abin sana'a shi ne Arthur Conan Doyle, likita daga Edinbara, wanda ya ƙago Sherlock Holmes a 1887. Ya ɗauki siffar tauraron nasa daga wani malaminsa na likitanci, Joseph Bell, wanda kan dubi majinyaci ya faɗi sana'arsa tun bai buɗe baki ba.

A watan Yuli na 1891 mujallar Strand ta London ta soma buga gajerun labaran Holmes, ɗaya a kowane wata. Dabarar Doyle ita ce kowane labari ya ƙare a fitowa guda, amma tauraro bai canja ba, yadda wanda ya rasa fitowar wani wata ba zai rasa zaren magana ba. A 1892 aka tara 12 na farko cikin littafi. Kafin ya ajiye alƙalami a kan Holmes a 1927, ya rubuta gajeru 56 da dogaye 4. G. K. Chesterton ya biyo baya da tarin labaran wani limamin Katolika, Fada Brown, a 1911, Agatha Christie kuma ta fitar da tarin gajerun labaran Poirot a 1924. Ya kamata a riƙe wannan tun yanzu: an rubuta labaran ne don a karanta su ɗaya bayan wata guda. Tara su wuri ɗaya shawarar masu ɗab'i ce.

Daɗinsu

Babban abin da ke jan mai karatu shi ne ganin yadda ƙaramar alama take fallasa babban sirri. Wannan ba baƙon tunani ba ne ga wanda ya yi makarantar allo. A cikin Suratu Yusuf, sa'ad da matar Azizu ta ɗora wa Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, laifin da bai yi ba, wani daga danginta ya ce a dubi rigar: in ta gaba ta yage, ita ce mai gaskiya, in kuwa ta baya ce, shi ne. Haka kuma Ɗabari ya kawo labarin 'ya'yan Nizaru huɗu da suka siffanta wani raƙumi da ba su taɓa gani ba. Sun ce mai ido ɗaya ne don gefe ɗaya na ciyawa ya ci, sun ce guntun wutsiya gare shi don kashinsa a tare yake, bai warwatsu ba.

Holmes bai wuce wannan tafarki ba. A wani labarinsa na 1892 an sace dokin sukuwa daga barga da dare, aka tsinci gawar mai horar da shi a daji. 'Yan sanda suna neman baƙo. Shi kuwa ya lura cewa akwai kare a bargar, kuma bai yi haushi ba a daren nan. Ashe wanda ya kwance dokin ɗan gida ne, watau shi mai horarwar, ya fita da shi don ya gurgunta shi a ɓoye saboda caca, dokin ya harbe shi. An faɗa wa mai karatu zancen karen tun da wuri, ya wuce shi bai kula ba. Kunyar da yake ji sa'ad da aka nuna masa ita ce rabin daɗin labarin.

Ta nan labarin bin sawu ya yi dangantaka da kacici-kacici. Mai ƙulin ƙulifita yana ba da siffa duka, ba ya ɓoye kome, in an gaza a ba shi gari ya faɗi amsa. Dokta Watson, abokin Holmes wanda ta bakinsa ake jin labarin, shi ne wakilin masu ba da gari. Yana ganin abin da Holmes ya gani, ya fassara shi a karkace, mai karatu ya ji sanyi don ya sami wanda bai fi shi ba. Chesterton ma ya fi zurfi a nan. A ɗaya daga labaransa mutum huɗu suna gadin ƙofa, duka suka rantse ba wanda ya shiga, alhali mai kisan ya shiga ya fita da gawa a buhu cikin kayan mai raba wasiƙu. Duk ma'aikacin da ya san yadda masinja ke ratsa ofis da fayil ba wanda ya ɗaga kai, ya san Chesterton bai yi ƙarya ba.

Sai kuma gajarta. Shafi kamar 20 ne, akawu ya gama shi tsakanin la'asar da magariba, kuma a ƙarshe an kama mai laifi, an wanke wanda aka zarga. Masu iya magana sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A cikin waɗannan littattafai kowace rana ta mai kaya ce, ko kusan haka, wanda kuwa ya taɓa zirga-zirgar kotu shekara biyu a kan gona ya san darajar irin wannan hutu.

Iyakarsu

Amma fa wanda ya ɓoye abu ba gwani ba ne don ya gano shi. Marubucin shi ya aikata laifin, shi ya shimfiɗa sawun, shi kuma ya raɗa wa tauraro fassararsa. A wani labari an ba Holmes tsohuwar malafa da aka tsinta a titi. Ya ce mai ita mutum ne mai ilimi don kansa babba ne, kuma matarsa ta daina sonsa don an yi makonni ba a kakkaɓe ƙurar malafar ba. Da aka sami mai malafar, Doyle bai bar kome ya ƙaryata tauraronsa ba. In da za a yi hukunci da ƙurar hula a kasuwar Yelwa cikin hunturu, da ba auren da zai kai bazara.

Wani lokaci ma alamar kanta ba ta tsayuwa. Labarin da Doyle da kansa ya sa a gaba cikin zaɓaɓɓunsa a 1927 shi ne na wani likita da ya komo daga Indiya da maciji, yana ajiye shi a akwatin ƙarfe, yana ba shi madara, ya tura shi ɗakin 'yar matarsa ta kan igiyar ƙararrawa, sa'an nan ya kira shi da fito ya hauro. Irin macijin da aka ambata babu shi a Indiya. Manomin Ngaski ko Shanga, wanda ke gamuwa da kububuwa a kunya, ba zai yarda maciji na amsa fito kamar kare ba. Labarin yana da ban tsoro ƙwarai, sai dai ƙarfinsa daga iya ba da labari yake, ba daga hujja ba.

Aibi na biyu tarin ne da kansa ke tona shi. A 1891 an yaudari wani mai karɓar jingina da aikin banza, ana biyansa fam 4 a mako yana kwafe wani babban littafi, don ɓarayi su sami damar haƙa rami daga kantinsa zuwa banki. A 1893 an yaudari wani akawu da aikin ƙarya a Birmingham don wani ya shiga matsayinsa a London. A 1924 an sake tura wani dattijo Birmingham da zancen gado don a shiga ƙarƙashin ɗakinsa. Dabara ɗaya ce aka canja mata riga sau uku. Mai karanta mujalla, wanda shekaru suka raba masa su, ba zai ankara ba. Mai riƙe da tarin duka yakan gane tun shafi na uku. Doyle ma ya gaji, har ya jefa Holmes cikin wani kwazazzabon ruwa a Suwizalan a 1893, sai da matsin masu karatu da tayin kuɗi suka sa ya tashe shi a 1903.

Na uku, mutanen cikin labarin ba su cika zama mutane ba. Gawa dalili ce kawai ta fara lissafi, ba a jin kukan uwa, ba a zaman makoki. Raymond Chandler ya soki wannan a wata maƙala ta 1944, yana ganin irin wannan kisa na cikin littafi bai yi kama da wanda ake yi a titi ba. Akwai kuma abin da ɗalibin Afirka ba zai kasa gani ba: sau da yawa sharrin daga ƙasashen da Ingila ta mallaka yake zuwa, guba ko dabba ko tsohuwar gaba, ya shigo gidan Bature mai zaman lafiya. Abin ya yi yawa a fannin har Ronald Knox, cikin ƙa'idoji 10 da ya tsara wa marubuta a 1929, ya hana sa ɗan Sin a labari.

Wasu harsunan Afirka sun ari wannan zubi. Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya ƙago Bwana Msa da Suwahili a 1960, Kola Akinlade kuma ya ƙago Akin Olusina da Yarbanci. Littattafan da suka kafa ƙagaggen labarin Hausa ba su bi ta nan ba, ko da yake ba su rasa ɓarayi da masu mugunta. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare na 1982, mai karatu ya san mai laifi tun farko. Abin da yake jira shi ne yadda ƙarshensa zai kasance. Wataƙila ba abin mamaki ba ne ga al'ummar da kotun alƙalinta ta fi dogara ga shaidu da iƙirari da rantsuwa bisa tokar taba ko tabon laka.

Al'amarin Yauri da Busa

A watan Nuwamba na 1805 Mungo Park ya taso daga Sansanding, a ƙasar Mali ta yau, cikin jirgin ruwa, yana so ya bi Kwara har inda ta ƙare. A farkon 1806 ya iso ƙasar Yauri, inda jagoransa Amadi Fatuma ya sauka. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ga gawa ba a gani ba, ga takardu sun ɓace, ga waɗanda ake zargi: duk kayan labarin bin sawu sun haɗu.

A 1810 aka aiki wani tsohon jagoran Park mai suna Isaaco ya bincika. Ya sami Amadi, wanda ya ce Park ya bar kyautar Sarkin Yauri a hannun wani hakimi, hakimin ya danne ta, sarki ya husata ya tura mayaƙa suka tare jirgin a duwatsun Busa, Park ya faɗa ruwa ya nutse. Wannan ruwaya ce aka buga a London a 1815, ta kuma zauna a littattafan makaranta. To, amma shaida ɗaya ne, bai je Busa ba, daga bakin wani bawa da ya tsira ya ji, kuma shi ne mutumin da ya rabu da maigidansa gab da halakarsa, yana da bukatar wanke kansa. Ba alƙalin da zai yanke wa Yauri hukunci da irin wannan shaida. Turawan da suka biyo baya sun ji wata ruwayar dabam, cewa mutanen Busa sun zaci jirgin na mayaƙan jihadi ne, wanda aka soma a 1804.

Clapperton ya zo Busa a 1826 bai sami takardun ba. Ɗan Park, Thomas, ya fito neman mahaifinsa ya rasu a hanya a 1827, a ƙasar Gana ta yau. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka hauro daga Busa zuwa Birnin Yauri, inda sarki yake zaune a lokacin kafin a koma Yelwa, don sun ji an ce littafin tafiyar Park yana wurinsa. Sun yi fiye da wata guda, sarki ya ce ba ya hannunsa. Abin da aka nuna musu a Busa shi ne wani littafin jadawalin lissafi na matuƙan jirgi, da 'yan takardu a tsakanin shafukansa, ciki har da gayyatar cin abinci da aka aika wa Park a London.

Da Doyle ne ya rubuta wannan, da takardar gayyatar nan ita za ta buɗe sirrin a shafi na ƙarshe. A Busa ba ta nuna kome ba sai cewa littafin na Park ne. Ba a sami littafin tafiyar ba har yau. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya hau ya shafe tsohuwar Busa da duwatsun da jirgin ya maƙale, aka tashi mutanenta zuwa sabon gari.