Shin Ko Kun San? Babur da Hanyoyin Bayan Suleja

Shin ko kun san ɗaya daga cikin baburan da suka fi suna a duniya wajen ratsa daji, sunan wani yanki na maƙwabciyarmu Nijar aka raɗa masa? Yamaha Ténéré ke nan, wanda aka fara fitarwa a 1983 da tanki mai cin lita 30, aka ba shi sunan hamadar Tenere da ke gabas da Agadas. Tseren Paris zuwa Dakar ne ya jawo haka. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace a sahara a kan babur a 1977, da Allah ya kuɓutar da shi sai ya ƙirƙiro tseren. An tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, aka keto Aljeriya, aka bi ta Agadas da Yamai, aka isa Dakar a Janairun 1979. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya, a kan Yamaha XT500.

Shin ko kun san gasar da ake yi yau tsakanin manyan baburan yawo a wannan rairayi aka haife ta? BMW ta Jamus ta fitar da R80 G/S a 1980, ta ci tseren a 1981 da 1983 da 1984 da 1985. Honda ta rama da NXR750, ta ci shekara huɗu a jere daga 1986 zuwa 1989, kuma daga wannan babur aka samo Africa Twin a 1988. Daga baya KTM ta Ostiriya ta riƙe kambun sau 18 a jere, daga 2001 zuwa 2019. Tseren kansa ya bar Afirka, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

To, mu dawo gida. Shin ko kun san nauyi ne abu na farko da ya kamata mai shirin shiga ƙauyukan Gurara da Tafa ya tambaya, tun kafin ƙarfin inji? BMW R1250GS da cikakken tanki kilo 249 ne, wato kusan buhun siminti biyar. Ténéré 700 ya ɗan haura kilo 200. Boxer 150 kuwa bai kai kilo 130 ba. A kan kwalta wannan bambanci ba ya damun kowa. Amma a watan Agusta, idan ka sauka daga titin Minna wajen Lambata ka shiga hanyar gona, jan ƙasa ta jiƙe ta yi santsi, babur zai kwanta ko ba jima ko ba daɗe, kuma kai kaɗai za ka tashe shi. Wanda ba zai iya ɗaga babur ɗinsa sau uku a yini ba, a ganina bai dace ya shiga da shi can ba, komai kyansa.

Shin ko kun san ɗan Najeriya ya taɓa tuƙo babur daga Landan har Legas? Kunle Adeyanju ne, a 2022, don wayar da kai kan cutar shan inna. Matsakaicin babur ya hau, Honda CB500X, ya bar manyan nan masu cc 1,000 da ɗoriya.

Shin ko kun san duwatsu da kwazazzaban da ke cinye tayoyin baburan Suleja su ne waɗanda Sarki Abu Ja ya kafa garin a tsakiyarsu a 1828? Ƙasa ce mai hawa da gangara, ga Dutsen Zuma a Madalla, ga rafuka da ke cika su tumbatsa daga tsakiyar damina har Oktoba. Su kuma masu ratsa ta kullum ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. 'Yan acaba ne da manoman Gwari, masu ɗauko doya da gawayi da buhunan masara zuwa kasuwannin Dikko da Lambata da cikin Suleja. Tun da aka hana acaba a tsakiyar Abuja a Oktoban 2006, zamanin da Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, garuruwan gefe irin su Zuba da Madalla da Suleja suka zama matattarar masu wannan sana'a. Duk wanda ke neman sanin babur ɗin da ke jure gargada, waɗannan mutane zai tambaya.

Shin ko kun san inda baburan da suke musu a kansu suka fito? Boxer na kamfanin Bajaj ne da ke Pune a Indiya, kuma Najeriya na cikin manyan kasuwanninsa. TVS ma daga Indiya yake, kuma samfurinsa na HLX don hanyoyin Afirka aka fitar da shi a 2013. Honda tana da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979, a Najeriya kuma ta fara sayar da Ace CB125 a 2011. Jincheng daga Nanjing ta Sin yake, Haojue kuma daga Jiangmen. Tsohon Jincheng mai hayaƙi, wanda ke ƙona injin oyil tare da fetur, yana da zafin tashi, gyaransa kuma ba wuya, amma ya fi shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023, wannan lissafi ya daina zama abin wasa ga mai neman na abinci.

Ni dai ma'aunina guda ne: wane babur ne bakaniken Gawu Babangida ko Sabon Wuse zai kwance ya ɗaure ba tare da an aika Abuja ko Legas neman kayan gyara ba? Wayar kuloci na iya tsinkewa a ko'ina. Idan ta Boxer ce ko TVS, shago na gaba yana da ita. Idan ta baƙon babur ce mai kwamfuta a cikinsa, sai dai a nemi motar da za ta ɗauko shi.

Shin ko kun san gyaran da ya fi canza halin babur a daji shi ne mafi arha? Sufoket ne, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa. A ce na gaba yana da haƙora 14, na baya 42: duk juyi uku na na gaba, taya ta juya sau ɗaya. Ka sa na baya mai haƙora 45, ƙarfin ja ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, gudun ƙarshe kuma ya ragu daidai haka. Babur zai hau tudu da kaya ba tare da an ƙona kuloci ba, zai kuma yi tafiyar a hankali cikin taɓo bai mutu ba. Rage haƙori ɗaya a gaba daidai yake da ƙara kusan uku a baya, sai dai ƙaramin sufoket yana saurin cinye sarƙa. Asarar ita ce a titin Kaduna injin zai riƙa kuka fiye da da, mai kuma zai ɗan fi tafiya. Kada a ɗora sabuwar sarƙa a kan tsohon sufoket, tare ake sauya su. Kada kuma a ɗaure ta tamau. Tana buƙatar wasa na kimanin santimita biyu zuwa uku, domin duk lokacin da shokazoba ya nutse a rami sarƙa na ƙara miƙewa, in ba ta da sarari sai ta cinye boris ko ta tsinke.

Sai taya. Mai manyan ƙuraje tana kama laka da tsakuwa, amma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta riƙonta bai kai na tayar gari ba, kuma ta fi saurin sudewa. Mai zirga-zirga tsakanin gari da ƙauye ya nemi ta tsaka-tsaki. Rage iska kaɗan yana faɗaɗa inda taya ke taɓa ƙasa, yana taimakawa cikin rairayi da laka, amma in an ɗoro kaya masu nauyi kada a kuskura, domin dutse zai matse tiyub da rim ya huda shi wuri biyu. Rim mai waya ya fi na zubi jure duka: yana ɗan lanƙwasa ya koma, in ya karkace a miƙe shi, na zubi kuwa tsagewa yake yi.

Shin ko kun san dalilin da ya sa tayar gaban Ténéré da Africa Twin ke da inci 21, alhali ta Boxer 17 ce? Babbar taya ta fi sauƙin haye rami da dutse. Amma kada wannan ya sa a cusa wa ƙaramin babur tayar da ba tasa ba, don hakan na ɓata daidaiton kansa da birkinsa. Abin da ya fi amfani shi ne ɗaga madigadin gaba. Lakar jan ƙasa na cushewa tsakaninsa da taya har ta ƙi juyawa, mutum ya faɗi bai san dalili ba.

Akwai gyare-gyaren da nake roƙon a bari. Fasa salansa don ƙara yana iya ɓata awon mai da iska, inji ya riƙa zafi, ga damun maƙwabta da asuba. Walda doguwar kariya ta wuce tayar baya yana mai da nauyi baya, kan babur ya yi sakayau a hawan tudu, kuma nan ne ake kifewa da fasinja. Shokazoba mai taurin tsiya ba ya shanye duka, miƙa shi yake yi ga ƙashin babur da ƙashin bayan mai shi.

Shin ko kun san a Nuwamban 2021 gwamnatin Abubakar Sani Bello ta hana sayar da wasu babura a jihar Neja, saboda masu garkuwa da mutane na neman a kai musu babur a matsayin fansa? Abin takaici ne a ce abin hawan talaka ya zama kayan aikin azzalumai. Don haka mai niyyar sayen babban babur ko shiga daji mai nisa ya fara tambayar hukuma halin da doka ke ciki, ya riƙe takardunsa, ya kuma tambayi mutanen gari lafiyar hanya kafin ya kama ta. Hular kwano kuwa tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta, kuma a hanyar duwatsu amfaninta ya fi ko'ina.

Shin ko kun san ƙura da ruwa ta ƙofa ɗaya suke kashe inji? Ta matatar iska suke shiga. Da hunturu ƙura na toshe ta, in ta yage kuma ƙurar ta wuce ta cinye fistin da ringi. Idan ta soso ce a wanke, a shanya, a shafa mata mai kaɗan. Idan ta takarda ce a kaɗe ko a sauya, ruwa kada ya taɓa ta. Da damina kuwa, rafin da ruwansa ya kai tsayin akwatin matatar ba na ƙetarewa ba ne. In babur ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a buga kik, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, zai iya lanƙwasa sandar fistin. A turo shi tudu, a cire fulogi, a buga kik har ruwan ya gama fita ta ramin, a tsiyaye kafireto, sannan a duba baƙin mai. In ya koma fari-fari, ruwa ya gauraye da shi, sai an juye an zuba sabo kafin a ci gaba da tafiya.