Zaren Kabon a Gaban Haske Mai Ratsa Jiki

Duk ɗalibin da ya taɓa ganin ana tufka igiyar rama a Gantsa, hedikwatar Buji, ya san ƙarfin igiya yana ga yadda zarenta suka riƙe juna. Haka abin yake ga zaren kabon, wanda kaurinsa maikiromita 5 zuwa 10 ne, wato ya fi gashin kai siranta. Akan haɗa shi da ƙaron masana'anta a ƙera sassan jirgin sama. Kusan rabin nauyin Boeing 787 irin wannan haɗi ne.

Aibinsa shi ne santsi, domin ƙaro ba ya kama shi sosai. Idan aka haska masa hasken gama na sinadarin kobalt-60 daidai gwargwado, sai fatarsa ta yi kaushi, oksijin ya manne mata, ƙaron ya riƙe shi gam. Amma in aka zarce ƙa'ida, musamman da ƙwayoyin nutiron irin waɗanda na'urar nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta fara samarwa a 2004, sai atam-atam su goce daga muhallinsu, zaren ya yi gautsi. Wannan haɗari ne ya sa likita ma yake auna hasken ƙona ciwon daji, kada ya kashe lafiyayyun ƙwayoyin jiki.