Kafin ka sayi ɗaki ɗaya a Yaba, je ka gan shi da dare

Idan kana zaune a Legas, kuma ka gaji da ƙarin kuɗin haya duk shekara, da wuya a ce dillali bai taɓa nuna maka hoton irin ɗakunan nan a waya ba: ɗaki ɗaya tal, da banɗaki a ciki, da ɗan lungun girki. Ana ta gina su a Yaba da Surulere, kuma suna da farin jini. Yaba na kusa da Jami'ar Legas da kasuwar Tejuosho, ga jirgin ƙasa da ke bi ta Agege da Oshodi yana tsayawa a can. Wanda ya san azabar cunkoson Legas ya san darajar zama kusa da wurin aiki.

Sai dai dillali yakan kai ka ne da hantsi, lokacin da maƙwabta sun fita, ɗakin ya sha sabon fenti. Ka koma kai kaɗai da misalin ƙarfe 10 na dare, musamman ranar Juma'a ko Asabar. A lokacin ne za ka san ko akwai gidan rawa a bayan katanga, ko wurin ibada mai kwana da lasifika. Kada ka ce za a saba. Kunne na iya sabawa, jiki ba ya sabawa: hayaniyar da ke katse barci kullum tana da alaƙa da hawan jini, kuma yaron da bai ƙoshi da barci ba a aji ake gane shi.

Da daren ne kuma za ka ga inda kowa ke ajiye janaretansa. Wannan ya fi komai muhimmanci. Hayaƙin janareta na ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, wanda ke barci kuwa ba ya jin komai, shi ya sa ake wayar gari a tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki. Idan janaretan maƙwabci yana ƙarƙashin tagarka ne, ko a barandar da kuke tarayya, ka haƙura da ɗakin komai arharsa.

Sannan ka ƙirga tagogi. A ɗaki ɗaya, inda ake barci nan ake girki, nan tukunyar gas take, nan tururin banɗaki ke fitowa. Taga ɗaya ba ta isa; ana son biyu a bango daban-daban domin iska ta shiga ta fita. Wasu magina kan matse gini har taga ta buɗe a kan bangon maƙwabci, ko hannu ba ya shiga tsakani. Ka shafa bango ta ƙasa, ka shinshina cikin kabad. Sabon fenti na ɓoye danshi na ɗan lokaci ne, da damina baƙin tabo zai fito, shi ke tayar wa yara asma da tarin da ba ya jin magani. In da hali ka ga unguwar a watan Yuni ko Yuli bayan an sheƙa ruwa, in babu, tambayi mai shagon bakin layi inda ruwa yake kaiwa. Shi ba ya da kamasho a cinikin.

Batun takardu a bar wa lauya, amma ka yi tambaya ɗaya da bakinka: sayarwa ce ta har abada, ko doguwar haya? Da yawa daga cikin ɗakunan nan hayar shekara 15 ko 20 ce ake biya a dunƙule, in ta ƙare ɗakin ya koma hannun masu fili, ba abin da 'ya'yanka za su gada. Lauyan ya bincika a ofishin filaye da ke Alausa, ya ga izinin gini, ya kuma faɗa maka kuɗin gadi da shara da ruwa da za ka riƙa biya duk shekara.

Abin da ba a rubutawa a takarda shi ne iyali. Ga gwauro ko ango da amarya, ɗakin ya wadatar. Amma gidan Bahaushe ba ya rabo da baƙi: ƙanenka zai zo neman aiki, abokin kasuwanci zai sauka kwana biyu. Ranar da uwargida ta haihu, gwaggo za ta taso daga gida don wankan jego na kwana 40. Ina za ta kwanta, kai kuma ina za ka koma? Yara na tasawa kuma dole a raba musu makwanci. Shi ya sa wasu ke gwammace ɗakin da bai kai na Yaba ƙyalli ba a Agege ko Idi-Araba, inda akwai ɗan uwa a layi na gaba da zai ba maigida tabarma har a gama jego.